Wasiƙa daga Sidni: Ranar da Guguwa Ta Auka wa Kurnell

Lakemba, Sidni, Ostireliya
Lahadi, 27 ga Disamba, 2015

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da dukkan mutanen gida. Yaya sanyi? Na san war haka hunturu ya kankama a Funtuwa, ana ta kwana da gawayi a kasko. Baba, yaya ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi. Inna, an yi Mauludi lafiya? Allah ya maimaita mana. Mu nan Mauludi da Kirsimeti suka zo a jere, gari ya yi tsit, shaguna a rufe, shi ya sa na samu sukunin zama in rubuto muku.

Auta, na san ke za ki karanta musu. Ki karanta a tsanake, kada ki tsallake ko layi ɗaya don tausayin Inna. Ki fara gaya mata cewa lafiyata ƙalau, da hannuna nake rubutu, sannan ki ci gaba.

Ina neman gafararku. Ranar Juma'ar da muka yi waya, Inna ta ce ta ji muryata wani iri, na ce mata gajiyar aiki ce. Na ɓoye muku abu. Kwana biyu kafin wayar nan, ranar Laraba 16 ga wata, ina cikin unguwar da mahaukaciyar guguwa ta ratsa, kuma a kan idona rufin gidan da nake ciki ya tashi. Na kasa faɗa a waya don na san Inna ba za ta runtsa ba, ga nisa, ba halin ta gan ni ta tabbatar. Sai Yaya Babba ya turo mini hoton wata babbar mota da iska ta kifar, ya ce a Facebook ya gani, yana tambaya ko kusa da ni ne. Nan na ga gara ku ji daga bakina.

Kun san makaranta ta yi hutun ƙarshen shekara, kuma nan yanzu bazara ce tsaf, rana ba ta faɗuwa sai ƙarfe takwas, asuba kuwa tun wajen ƙarfe huɗu. A hutun nan nake bin wani mai fenti ina kama masa aiki. Mutumin Labanan ne, irin waɗanda muke kira Kwara a gida, dattijo mai riƙon salla, a babban masallacin Lakemba muka saba. Shi ya samu aikin fentin wani gida a Kurnell, muka fara ranar Litinin, da niyyar mu gama kafin Kirsimeti saboda 'ya'yan mai gidan da jikokinta za su zo mata hutu.

Kurnell tana kudancin Sidni, tafiyar kamar minti arba'in daga inda nake. Wani zirin ƙasa ne ya miƙe cikin ruwa, teku ta gabas, ta arewa kuma wani ƙaton lungun teku da ake kira Botany Bay. Hanya ɗaya tak ke shiga garin, ita ce kuma ta fita, sunanta Captain Cook Drive. Mutanen ba su da yawa, dubu biyu ne da 'yan kai, kowa ya san kowa, kusan kowane gida da kwalekwale a ƙofa. Amma wurin yana da suna a ƙasar nan, domin a nan ne Bature Kyaftin Kuk ya fara sauka daga jirginsa a ƙarshen Afrilun 1770. Mutum biyu daga 'yan asalin wurin, ƙabilar Gweagal, suka tsaya da masu a bakin ruwa suka ce ba a shiga, Turawa suka buɗe musu bindiga. Ranar Litinin bayan mun tashi aiki maigidana ya kai ni na ga hasumiyar da aka gina don tunawa da saukar. Ina tsaye a wurin sai labaran zuwan Nasara da marigayi Kaka ke ba mu suka faɗo mini.

Mai gidan da muke wa aiki tsohuwa ce, ta haura tamanin, ita kaɗai da wani ɗan kare. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma shi ya gina gidan da hannunsa tun suna da ƙuruciya. Kullum ƙarfe goma sai ta dafa shayi ta kira mu. Ranar farko ta tambaye ni abin da addinina ya hana ni ci, ta rubuta a takarda ta manna a jikin firij. Da azahar ta yi, ta ga muna neman inda za mu shimfiɗa darduma, ta share mana barandar baya. Mu nan yamma muke fuskanta in za mu yi salla, domin Makka tana yamma da mu.

Ranar Laraba mun isa da sassafe. Gari ya yi wani irin gumi mai nauyi, iska ta tsaya cak, irin yadda ake yi a gida in hadarin farko zai taso. Ina kan tsani ina shafa bangon gefe sai na ga kudu ta yi baƙi ƙirin. Na ga hadari iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin mai wannan kala ba, baƙi ne da ya surka da kore, kuma gindinsa ya sauko ƙasa-ƙasa kamar a miƙa hannu a taɓa. Maigidana ya duba waya ya ce hukumar yanayi ta fitar da gargaɗi cewa hadarin mai haɗari ne ƙwarai. Ya ce in sauko. Na ce saura kaɗan in ƙarasa layin. Ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mini ba, ya ce in sauko yanzun nan. Ina taka ƙasa tsohuwa ta leƙo ta ce shayi ya yi. Muka rufe gwangwanayen fenti, muka kwantar da tsani a gindin katanga, muka shiga.

Ko kurɓa uku ban yi ba ƙanƙara ta fara dukan rufi. Wutar lantarki ta ɗauke. Daga nan sai wani rugugi ya taso. Filin jirgin saman Sidni yana can tsallaken ruwa, jiragen da za su sauka ta kan Kurnell suke bi, kwana biyun nan duk mun saba da ƙararsu. Don haka abin da ya fara zo mini shi ne wani jirgi ne ya yi ƙasa da yawa, zai faɗo mana. Sai na ga ƙarar ba ta wucewa, ƙaruwa take yi. Kunnuwana suka toshe. Ta taga na hango kwandon shara yana tafiya a sama, sama da tsayin mutum, bayansa wani falle na kwano yana juyawa kamar ganye.

Maigidana ne ya yi ta maza. Ya ce banɗaki, banɗaki! Ashe a gidan katako nan ne wuri mafi ƙwari, ɗaki ne ƙarami, bangonsa kusa da juna, tagarsa 'yar mitsitsiya. Na kama tsohuwa, ba ta da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauki yarinya, amma ta ƙi sakin karen. Maigidana ya jawo katifa daga ɗakin da ke kusa. Muka durƙusa tsakanin bahon wanka da bango, tsohuwa a tsakiya, muka ja katifa a kanmu, ni na riƙe gefe ɗaya shi ya riƙe ɗaya.

Baba, addu'ar iska da kuka koya mana muna yara, duk lokacin da hadari ya taso kuka tara mu a zaure, ita ta zo bakina. Allahumma inni as'aluka khairaha. Na fara, na kai tsakiya, sauran ya ɓace mini, sai na koma kalmar shahada ina ta maimaitawa. Maigidana yana ta ya Rabbi, ya Rabbi. Tsohuwa ba ta yi kuka ba, sunan mijinta kawai take kira a hankali. Na ji ƙusoshi suna ficewa daga katako ɗaya bayan ɗaya, wata irin ƙara mai tsinka zuciya, sannan wani abu ya yi tsawa a kanmu, haske ya shigo ta inda bai kamata haske ya shigo ba, ruwa ya fara zubo mana. Katifar ta yi sama da hannuna har sai da na ji kafaɗata za ta goce. Na ce shi ke nan, a nan kwana ya ƙare, a banɗakin wata baiwar Allah, a ƙarshen duniya, babu wanda zai yi mini wanka a cikin dangina. Fuskar Inna na gani. A lokacin wajen ƙarfe goma da rabi ne na safe a nan, ku kuma sha biyu da rabi na dare, kuna barci.

Duka-duka abin bai fi minti biyu ba a lissafina. Ya wuce kamar an yanke shi da wuƙa, ya bar ruwa yana sauka kamar da bakin ƙwarya.

Da muka fito, rabin rufin gidan babu shi. Falon da muka zauna shan shayi sararin sama ne a kansa, gilashin taga ya watsu ko'ina, wani gungumen katako da ban san daga inda ya fito ba ya huda bango ya tsaya daidai kan kujerar da maigidana ya tashi daga kai. Amma kofunan shayinmu uku suna nan a kan tebur, ko ɗaya bai faɗi ba. Na daɗe ina kallonsu. Har yau in na rufe ido su nake gani.

Waje kuwa sai wanda ya gani. Itacen turaren nan da ma'aikatan gandun daji ke shukawa a gida, asalinsa daga ƙasar nan ne, kuma a nan yana girma ya yi kauri kamar kuka. Irinsu na gani an tuge su da saiwa, wasu an murɗe su a tsakiya kamar rake. Ɗaya ya kwanta a kan akori-kurar maigidana ya lotse ta. Wayoyin lantarki a zube a titi, kwanon rufi ya naɗe a jikin turaku, kwalekwalen maƙwabci ya tsallake katanga biyu ya kife a gidan wani. Tsaninmu har yau ba a gan shi ba. Bangon da na gama shafawa kuwa yana nan fari fat, sai yashi da ganye da suka manne a fentin. Abin da ya fi ba ni mamaki, gidan da ke daura da mu ya rushe har ana hango gadajensu, na bayansa kuma ko tukunyar fure ba ta motsa ba. Allah mai iko.

Mutane suka fito suna kiran sunan juna, gida-gida ana ƙwanƙwasawa. Wani saurayi da ban taɓa gani ba shi ya nuna mini hannuna yana jini, ni ban ma ji ba. Gilashi ne ya yanke ni a bayan hannun hagu. Masu motar asibiti suka wanke suka ɗaure, yanzu har ya kame. Inna, iyakar abin da ya same ni ke nan, wallahi ban rage komai ba. Kuma duk da wannan ɓarna, ba a rasa rai ko ɗaya ba a garin, sai raunuka. Masu cewa sa'a ce suna faɗa, don lokacin yawancin mutane sun tafi aiki. Ni dai na san da sauran shan ruwanmu ne.

Daga baya muka ji a labarai cewa na'urar auna iska da ke Kurnell ta nuna gudun kilomita 213 a awa ɗaya, kuma tunda ake aunawa a jihar nan ta New South Wales ba a taɓa samun wanda ya kai haka ba. Ku kwatanta da direban da ya taka mota ƙwarai a hanyar Katsina, ku ninka gudunsa biyu. Masana suna da ma'auni na irin wannan guguwa daga 0 zuwa 5, tamu a mataki na 2 suka sa ta. Na ce in wannan ce ta 2, Allah kada ya nuna mana ta 5.

Na san in na ce guguwa, abin da zai zo muku shi ne wadda ke tasowa a fili da rani, ta kwashi leda da karmami, yara su gudu ana cewa aljanu ne ke wucewa. Waccan daga ƙasa take tashi in rana ta gasa fili, ko girgije babu. Wannan daga hadari take saukowa. Yadda na fahimta, iska mai ɗumi da laima ta kwanta a ƙasa, mai sanyi ta hau kanta, kuma iskar sama da ta ƙasa ba gefe ɗaya suka nufa ba, sai hadarin gaba ɗayansa ya kama juyawa. In juyin ya matse ya zuro ƙafa ƙasa, duk abin da ya taka ya shiga uku. Faɗinta ba shi da yawa, shi ya sa take cin wani gida ta bar na kusa da shi. Su kansu mutanen nan sun ɗauka abin Amurka ne. Sai bayan da ta faru aka fara tuno cewa a 1918 an yi irinta a Brighton, wata unguwar bakin teku a Melbon, har mutum biyu suka mutu.

Hadarin bai tsaya a kanmu kaɗai ba. Ya bi gaɓar teku ya yi arewa, ya tsuge ruwa a unguwannin gabas, har rufin wani katafaren kanti a Bondi Junction ya rufta aka fitar da mutane, jirage kuma suka yi ta jinkiri. A Kurnell ɗin akwai wata babbar ma'aikata da ke tace ruwan teku ya koma na sha, an buɗe ta a 2010 bayan wani dogon fari da aka yi, tana iya ba da lita miliyan 250 a rana. Ita ma iska ta yaye mata rufi ta yi mata mummunar ɓarna. Allah ya sa tun 2012 a ajiye take, madatsun ruwa sun cika, don haka ruwan famfo bai yanke wa birni ba. Abin da kowa ke ta godiya a kai shi ne manyan tankunan mai. Tsohuwar matatar Caltex tana nan a bakin garin, an daina tace mai a 2014 amma ana ajiye shi. Da abin ya zama gobara, ga hanya ɗaya tak, ban san inda mutane za su bi ba.

'Yan sanda suka rufe hanyar, babu shiga sai masu ceto. Aka fitar da mu can wajen Cronulla inda aka tanadi wurin saukar mutane, aka ba mu ruwa da abinci da barguna. Ina riƙe da jakar magungunan tsohuwa har 'yarta ta iso wajen la'asar. Da ta ji yadda aka yi, ta riƙe hannuna tana kuka, ta kasa magana. Ni ma na kasa.

Akwai wasu mutane da nake so ku sa a addu'a. Ana kiransu SES, wato masu agajin gaggawa na jiha, kayansu ruwan goro. Na ɗauka ma'aikatan gwamnati ne masu albashi, ashe yawancinsu 'yan sa-kai ne, wani malamin makaranta, wani direba, wata ma'aikaciyar banki, kowa ya bar aikinsa ya zo. Su suka yi ta yanke itatuwa da zarto mai inji, suna hawa rufi suna ɗaura tamfol har dare. Aikin gayya ne sosai irin na gida, sai dai su an horar da su tun kafin abu ya faru, kowa ya san inda zai kama. Garin ya kwana da kwanaki babu wuta, kuma da yake magudanar bayan gidansu da lantarki take aiki, ita ma ta tsaya, sai banɗakin tafi-da-gidanka aka kawo.

Da aka buɗe hanya muka koma, ni da maigidana, don mu taya tsohuwa kwashe abin da ya saura. Hotuna ta fi damuwa da su. Muka baza su a barandar baya, inda muke salla, muna ɓanɓare su ɗaya-ɗaya don sun manne da juna. Na aurensu ya jiƙe, fuskar mijin ta narke, saura kwat da hannunsa a kafaɗarta. Ta karɓa ta duba, ta ce ba komai, ita ta san fuskar. Ta kawo kuɗin aikin kwana biyu da rabi za ta biya, maigidana ya rantse ba zai karɓa ba, alhali shi ma motarsa ta tafi. Ni kuma ya biya ni nawa cif daga aljihunsa, na yi na yi ya ƙi. Gidan yana da inshora, amma an ce sai an zo an duba an rubuta kafin a san ko gyara za a yi ko rushewa. Yanzu tana wurin 'yarta. Kirsimetin da ta so a yi a gidanta bai yiwu ba.

A komawar nan ne na ga abin da ya sa dole in rubuto muku dogon bayani. Mun tarar da mutane sanye da fararen kaya tun daga kai har ƙafa, da abin rufe hanci, suna tsintar gutsattsarin bango a titi suna zubawa a leda mai kauri, wasu wuraren an kewaye da igiya an hana shiga. Na tambaya, aka ce asbestos ne. Tsofaffin gidajen unguwar da yawa da allunansa aka gina su. In yana zaune lafiyayye ba ya komai, amma in ya fashe, ƙurarsa tana da wasu zaruruwa da ido ba ya gani, in suka shiga huhu ba sa fita, bayan shekara ashirin ko talatin ko fiye kuma suna iya jawo cutar daji. Ƙasar nan ta haramta shi gaba ɗaya tun ƙarshen 2003, bayan ya kashe musu mutane da yawa. Maigidana ya ce da idonsa ya ga wani abokin aikinsa, kafinta, ya ƙare a haka, numfashi yana gagararsa.

Jikina ya yi sanyi, domin na gane shi. Irin silin ɗin ɗakin Inna ne, wanda ya tsage ta wajen ƙofa tun ina gida. Muna yara da gutsurensa muke zane a bango, ni da Yaya Babba, kuma Inna ke share garinsa da tsintsiya in ya zubo. Don Allah kada a ƙara share shi a bushe. A yayyafa ruwa tukuna, a kwashe da tsumma mai laima, a ƙulle a leda a binne a rami mai zurfi. Kada a bar yara su yi wasa da shi, kada a fasa, kada a yanka da zarto. Ranar da za a sauke shi kowa ya fita daga ɗakin, a fitar da kaya, mai aikin ya jiƙa shi sosai, ya rufe hancinsa da abin rufe hanci na kirki, ya cire shi falle-falle ba tare da ya karya ba.

Sai maganar da na fi jin nauyin faɗa. Baba, na san mun yi da ku cewa kuɗin da na tara a hutun nan na ginin shago ne a ƙofar gida, har kun yi magana da mai bulo. Ba ina ja da shawararku ba ne, kuma duk abin da kuka yanke shi za a yi. Roƙo nake, a fara da rufin gida. Na ga yadda rufi ke tashi. Iska ba ture shi take yi ba, ta ƙarƙashi take shiga ta ɗaga shi, kuma daga kusurwa take farawa, in falle ɗaya ya buɗe sauran sun tafi. Rufinmu kuwa kun sani, katakon ya sha gara, ƙusoshin sun yi tsatsa, duwatsu da tsofaffin tayoyi ne ke danne da ɓangaren ɗakinku. Kuna tune da shekarar da iskar farkon damina ta kwashe rufin Islamiyyar unguwarmu ta jefa shi a gonar bayan gari, ta bar yara suna karatu a gindin bedi har kaka. Waccan iskar ba ta kai rabin wadda na gani ba.

Na zauna da maigidana na zana masa yadda gininmu yake, ya yi mini bayani. Ya ce su ma sai da guguwar Tracy ta share garin Darwin ranar Kirsimetin 1974 sannan suka canza dokar gini, aka ce dole a ɗaure rufi da jikin gini tun daga sama har ƙasa. Abin da ya ce a yi mana ba mai tsada ba ne sosai. A sauke kwanon, a canza duk katakon da gara ta ci, a shafa wa sabon baƙin mai. Kowane katako da ya hau bango a ɗaure shi da langa-langa ko rodi, kuma ɗaurin ya shiga cikin ginin sosai, ya sauka bulo uku ko huɗu, kada a tsaya a na saman kaɗai. A gefe-gefe da kusurwoyi a ninka ƙusa, a yi amfani da mai hula, a lanƙwasa bakinta ta ciki. Bakin kwanon da ya zarce bango kada ya yi tsawo, in da hali a ɗora bulo a kewaye shi. Duwatsu da tayoyin nan a sauke su, don in iska ta yi ƙarfi su ne za su faɗo a kan mutum. Reshen bedin da ya miƙo kan ɗakin Inna shi ma a sare shi.

Yaya Babba, kai zan ɗora wa tsayawa a kan aikin. Ka nemi kafinta mai tsoron Allah, ka tsaya a kansa da kanka, kada ka bar wa yara. Ka ɗauko mini hoton kowane ɗauri kafin a rufe da kwano. Yanzu rani ne, akwai lokaci, amma ina so a gama kafin watan Afrilu ya ƙare. Zan turo kuɗin ta hanyar da muka saba a farkon wata. Abin da ya ragu a sayi bulon shago a ajiye, in Allah ya yarda kafin azumi zan ƙaro.

Inna, ina cin abinci, ina barci, sai dai in jirgi ya wuce da dare nakan farka. Limaminmu ya ce zai wuce a hankali, ya ba ni addu'o'in da zan riƙa yi. Ina so a yi sadaka a madadina, a dafa abinci a kai wa almajiran makarantar Malam, a kuma roƙa wa maigidana Allah ya mayar masa da abin da ya rasa, domin da bai daka mini tsawa ba, a kan tsani za ta same ni. Yajin da kuka aiko da kuka sun kusa ƙarewa, amma kada a ba kowa ya taho da su sai na yi bayani, don a filin jirgin nan ana tsananta binciken kayan abinci.

A gaishe mini da Kawu da iyalinsa, da Gwaggo, da Malam, da maƙwabta duka. A shafa mini kan yara. Auta, ki dage da karatu, kuma in kin gama karanta musu ki kira ni ko da a nan tsakar dare ne, ina so in ji muryar Inna. Baba, ina jiran amsarku a kan maganar rufin.

Ku ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
Ɗanku.